Amsoshin Tambayoyinku: Wace mota ce za ta iya da hanyar ƙauyenmu?

Assalamu alaikum. Tun da ruwa ya zauna, kusan duk saƙonnin da ke shigo mini a kan abu ɗaya suke: mota ta daki ƙasa, salansa ta cire, baƙin mai ya tsiyaye a hanya, ko kuma mutum yana riƙe da 'yan kuɗinsa yana tsoron ya sayi abin da ba zai kai shi gida ba. Na zaɓi guda bakwai. Masu tambayar farashin mota kaza su yi haƙuri su leƙa wurin dillalai, domin abin da zan rubuta yau, kafin ku karanta ya canza.

An mayar da ni wata firamare da ke kilomita 17 daga bakin kwalta. Hanyar burji ce da tifofi suka lalata, kwari biyu da doro a tsakiya. Shekara shida ina tari, da adashi da bashin ƙungiya. Abin da ke hannuna zai sayi Corolla mai lafiya, ko tsohuwar RAV4 da ta sha jiki. Wallahi ko barcin kirki ba na yi, ina tsoron in yi kuskure. — Malamin makaranta, daga Ringim

Malam, Allah ya sa albarka a wannan gumi naka. Ka kwantar da hankalinka, tunda kuɗin suna hannunka har yanzu babu abin da ya ɓaci.

A irin hanyarka, abin da ake fara dubawa shi ne tsayin cikin mota daga ƙasa, wato tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙarfen da ya fi kowanne sauka a ƙarƙashinta. Ƙananan motoci irin su Corolla da Camry da Accord suna wajen santimita 13 zuwa 15. RAV4 da ire-irenta suna wajen 18 zuwa 20. Hilux da Land Cruiser sun haura 21. Amma wannan lissafin kamfani ne, a kan sabuwar mota da babu kowa a cikinta. Motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo, sifirin ɗinta ya gaji, in ka zuba mata mutum biyar da buhun masara a but, ta sauka da yatsa biyu ko uku tun ba ta bar ƙofar gida ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ba zai ci maka ko sisi ba. Ranar Asabar ka hau babur ka bi hanyar, ka tafi da miƙaƙƙiyar sanda da tef irin na tela. Duk inda kwarin ya fi zurfi, ka gitta sandar a kan doron tsakiya, ka auna daga sandar zuwa gindin kwarin. In kana samun santimita 10, Corolla za ta wuce da lallami. In kana samun 18 ko 20 a wurare da yawa, kuma babu gefen da za a kauce, kullum za ta riƙa jan ciki, har wata rana dutse ya same ta a inda ba ta so. Bayan haka ka je tasha ranar kasuwar garin, ka ga irin motocin da 'yan haya ke shiga da su. Su ba don kwalliya suke sayen mota ba. In Golf tana shiga tana fitowa da fasinja da kaya, Corolla ma za ta shiga.

Game da RAV4 ɗin, kalmar nan da ka ce "ta sha jiki" ita ce ta tsaya mini a rai. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka tayoyin gaba kawai ke ja, duk da siffar jif da suke da ita. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta da kanka: in babu farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, to ba mai ja da ƙafa huɗu ba ce. Wata ma ta zo da shi, wani bakanike ya cire ya ajiye saboda yana ƙara. Ga shan mai, kai kuma ka san yadda albashin malami yake da gidan mai tun daga watan Mayun 2023.

Ni dai da ni ne, Corolla mai lafiyar zan ɗauka, in awon sanda ya yarda. In bai yarda ba, ka ɗauke ta duk da haka don iyali da tafiyar kwalta da rani, watannin Yuli da Agusta da Satumba kuma ka shiga makaranta a kan babur. Kada kunya ta sa ka sayi jif ɗin da za ta riƙa kwana a gareji kana biyan bashinta.

Ina da Accord, ina so in sa mata wili mai inci 18 da siririyar taya kafin bikin abokina a ƙauye. Wanne ya fi kyau, baƙi ko ruwan azurfa? — Saurayi, daga Hotoro

Ɗana, wannan ba tambayar da za a aiko mini da ita da damina ba ce. Ka duba lambar da ke jikin taya. Mai lamba 205/65 R15 tana da gefe mai tsayin kusan santimita 13 tsakanin wili da ƙasa. Mai 225/40 R18 santimita 9 take da shi. Wannan gefen shi ke shanye dukan rami. In ka rage shi, rami ɗaya ya isa ya matse tayar a jikin wili, ta yi ƙari a gefe, ko wilin ya lanƙwashe, ko ya tsage, kuma babu mai facin da zai gyara maka wannan a ƙauye. Ka bar wilin da kamfani ya sa. Kuɗin da ka tanada ka sayi safaya mai kyau da jak mai aiki, ragowar ka kai wa ango gudummawa.

Ina ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau da Sienna. In na yi lodi sai bayanta ya zauna, salansa na gurzar ƙasa. Bakanikena ya ce in kawo kuɗi ya ɗaga ta da roba, ya sa mata shokozoba 'yar Baljiyam, za ta koma kamar jif. Me ka gani? — Ɗan kasuwa, daga Bichi

Alhaji, ka faɗa mini komai ban da abu ɗaya: buhu nawa kake zuba mata? Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ƙarfen, nauyin da motar za ta iya ɗauka yana rubuce a nan. Ga Sienna abin yana wajen kilo 500 zuwa 600, har da kai direban. Buhun masara kilo 100 ne. Ka yi lissafin da kanka. Ni da idona na sha ganin an cire kujerun baya an jera goma, an ɗora yaron mota a kai. Motar da aka yi wa haka babu robar da za ta ɗaga ta. Ga ta kuma doguwa, tsakanin tayar gaba da ta baya da nisa, shi ya sa in ta hau tudu cikinta ke fara taɓawa kafin tayar baya ta iso.

Bakanikenka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Sifirin ne ke riƙe tsayin mota. Shokozoba aikinta ta hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. In bayan mota ya zauna, sifirin ne ya gaji ko lodi ya fi ƙarfinsa, ko ka sa sabuwar shok goma ba za ta ɗagu ba. Ita kuma robar da ake cusawa, in wadda aka ƙera don wannan motar ce, kuma ba ta wuce santimita biyu zuwa uku ba, ban hana ba, a sake yin alayimen, wato saita tayoyi, bayan an sa. Abin da na hana shi ne wanda nake gani a garejojin bakin titi: a yanko tsohuwar tayar tirela, ko guntun bututun ƙarfe, a tura tsakanin zoben sifirin. Sifirin ɗin da aka toshe ba ya lotsawa yadda aka yi shi, dukan sai ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota. In gaba aka ɗaga fiye da ƙima, shaf, wato ƙarfen da ke juya tayar gaba, yana aiki a karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, bayan wata biyu ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Boljoyin da tayirod, wato ƙarafan da ke riƙe taya suna haɗa ta da sitiyari, su bi baya. Motar kuma da aka ɗaga, aka yi mata lodi har sama, ta fi saurin kifewa in an kauce wa akuya da gudu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba kai kaɗai nake wa magana ba. Jabun kayan ƙafar mota sun cika kasuwa, kuma mu masu saye mu ne ke ciyar da su. Mutum zai sayi mota ta miliyoyi, ya sa mata tintak da fitilu masu wal-wal da lasifikar da ke girgiza unguwa, amma in aka zo kan shok da boljoyin da birki, abubuwan da ransa da na 'ya'yansa ke rataye a kai, sai ya ce wa bakanike "nemo mai sauƙi." To mai sauƙin ake kawo masa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ni an taɓa yi mini, shi ya sa ba na iya yin shiru. Lokacin ina jan Fijo 504 doguwa, irin waɗanda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, motar da har yau ban ga ƙaramar mota mai haƙurin burji kamarta ba. Na sayi shok biyu na baya a wani shago, cikin kwali a liƙe, da sunan babban kamfani a jiki. Sati uku suka yi. Wata ranar kasuwa ina kan burji mai kunya-kunya da fasinja bakwai, cikinsu har da wata tsohuwa riƙe da jikanta, sai na ji bayan motar yana tsalle yana tafiya gefe, sitiyari a hannuna amma motar ba ta jin maganata. Allah ya sa babu bishiya a wurin, muka gangara cikin gonar gero muka tsaya. Tsohuwar nan ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi tana shafa kan yaron. Da na cire shok ɗin na kai aka yanka mini ɗaya da zarto, abin da ke ciki baƙin man inji ne da aka riga aka yi aiki da shi, abin toshe bakin kuma roba ce da aka yanko daga tsohon tif. Tsohuwar shok ce aka wanke, aka fesa wa fenti, aka sa a sabon kwali.

Kada wani ya ce na ce duk 'yan kasuwa haka suke. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai mutanen da za su ajiye maka kala uku a kan kanta su gaya maka gaskiyar kowanne: wannan orijinal ne, wannan na biyu ne, wannan kuma ba na ba ka shawara. Irin waɗannan ake nema a riƙe. Amma sai ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. In 'yar Baljiyam ce, ka duba sandar da ke shiga tana fita: in akwai tsatsa ko zane ko danshin mai, ajiye ta. In ka ga sabon fenti a kan tsohon ƙarfe, ajiye ta. Ka danna ta da hannu ka ja: ya kamata ka ji tana turjewa daidai daga farko har ƙarshe, ba ta shige fuu sannan ta cije ba. In sabuwa ce mai sunan kamfani irin su KYB, amma kuɗinta bai kai rabin na maƙwabcin shago ba, ka san sunan kawai aka ara. A canza su biyu-biyu, hagu da dama. A karɓi rasit. A ce wa bakanike ya ba ka tsofaffin da ya cire ka tafi da su, domin su ne ake fesa wa fenti a sayar wa na bayanka.

Haka taya. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a shekarar da ta biyo, tayoyinmu daga waje suke zuwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a rana a kowane gari. Sababbin ma akwai waɗanda ake cusa huɗu ko biyar cikin juna a kwantena don a rage kuɗin dako, wayar da ke cikinsu ta karye tun ba su taɓa ƙasa ba, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irinsu. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe, in ka duba gefenta za ka ga 'yan tsage-tsage kamar faso. Irin wannan ce ke fashewa da zafin rana a kan lodi.

Amsarka a taƙaice, Alhaji: ka sa sifirin mai kyau, ka rage lodi zuwa buhu biyar, ka yi sawu biyu. In cinikin ya fi haka, ka sayar da Sienna ka nemi a-kori-kura, ita aka yi wa wannan aikin.

Ni ungozoma ce a wani asibitin ƙauye, motar marigayi maigidana nake ja. Watan jiya na daki dutse a tsakiyar hanya, wata jar fitila mai kamar butar shayi ta kama. Na ce bari in lallaɓa in kai bakin titi, bai fi kilomita uku ba. Kafin in kai inji ya buga. 'Yan uwa sun taimaka an gyara, amma yanzu in na ga hanyar gabana faɗuwa yake. — Wata baiwar Allah, daga Malumfashi

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya saka miki da alheri a kan aikin da kike wa matan ƙauye. Kada ki zargi kanki, direbobin da suka shekara ashirin a hanya sun yi wannan kuskuren. Abin da kika fasa kaskon baƙin mai ne da ke ƙarƙashin inji. A ƙananan motoci yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa, a wasu ma na alminiyam ne, ba ya lotsawa, tsagewa yake. Jar butar nan in ta kama, ma'anarta mai ba ya zagaya inji. Ba a tafiya da ita ko mita ɗari. A kashe mota nan take, ko a tsakiyar daji ne, a nemi mai ja. Kuɗin ja bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inji ba.

Ga yadda za ki bi hanyar, kuma cikin sati biyu hannunki zai saba. In kika ga kwari biyu da doro a tsakiya, kada ki zuba tayoyinki cikin kwarin, domin manyan motoci ne suka haƙa shi daidai tsayinsu. Ki ɗora taya ɗaya a kan doron, ɗayar a kan gefen hanya, kwari ɗaya ya zama yana ƙarƙashin tsakiyar motarki. Ki tafi a giya ta ɗaya ko ta biyu, in otomatik ce ki sa ta a L ko 2, ki riƙe sitiyari da hannu biyu. In ƙasar ta jiƙe tana santsi har kina jin motar na zamewa za ta faɗa, gara ki tsaya ki duba da ki yi ta kokawa da sitiyari.

Dutsen da ba za ki iya kauce masa ba, kada ki bar shi ya bi ta tsakiya. Ki hau shi da taya a hankali, tayar za ta ɗaga motar gaba ɗaya ta wuce da ita. Abin da ya kamata ki yi ke nan a ranar. Kwalbatin da ya karye ko ramin da ya gitta hanya, ki shige shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada bamba ta caki ƙasa. Birki kuma kafin rami ake taka shi, a sake shi daidai lokacin da taya za ta faɗa. Wanda ya danne birki a cikin rami ya dulmiyar da gaban motarsa, ya rage wa kansa tsayin da yake nema.

In kina shakka, ki fito ki duba. Ba abin kunya ba ne. Ki sa yaro ya tsaya a gaba yana leƙa ƙarƙashi yana yi miki alama da hannu. In da fasinja, su sauka su taka 'yan taku, motar za ta ɗagu. Da safe kafin ki tayar, ki leƙa inda ta kwana ki ga ko akwai ɗigon mai, ki zaro sandar awon baƙin mai ki duba. In kaka ta yi kuma, ki kula da busasshiyar ciyawa da ke naɗewa a jikin salansa, wurin yana zafin da zai iya tayar da wuta, kada ki yi fakin a kan dogon yayi.

Mai walda ya ce zai yi mini faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji. In yi? — Daga Zariya

Ka yi, yana cikin 'yan abubuwan da nake cewa a kashe wa kuɗi. Sharaɗi uku: a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji, kada a like shi da walda, don a iya cirewa. A bar tazarar yatsa tsakaninsa da kaskon mai, in ba haka ba dukan zai wuce kai tsaye. A huda wurin juye baƙin mai da wurin da laka za ta zube. Kauri milimita uku ya isa ƙaramar mota. Ka sani zai ɗan rage maka tsayi, kuma ba lasisin gudu ba ne. Robar da kamfani ya rufe ƙasan inji da ita, wadda kanikawa ke cirewa su jefar, ita ma a mayar da ita, tana tare ruwa da yashi.

Akwai rafin da muke tsallakawa kafin garinmu, ba gada. Abokina ya ce in na shiga da gudu ruwan ba zai samu damar shiga inji ba. Gaskiya ne? — Daga Toro

Ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke kashe mutane. Ƙanena, inji iska yake shaƙa ta wani bututu da ke gaban mota, a ƙananan motoci da yawa bakinsa bai fi tsayin fitila ba, a wasu ma yana ƙasa da haka. In ka shiga da gudu, ruwan zai taru a gabanka ya hau har bakin bututun. Iska tana matsuwa a cikin inji, ruwa ba ya matsuwa, kofi ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen fistin. In mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, a turo ta waje, a cire fulogi a fitar da ruwan tukuna.

Wannan maganar inji ce. Maganar rai ta fi ta. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30, wato bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. In ya kai 60, har jif yana ɗauka. Rafukan ƙasar duwatsu irin taku suna cika cikin 'yan mintuna saboda ruwan da aka yi a wani wuri da ba ka gani ba, kuma suna janyewa cikin 'yan sa'o'i. Ka jira. In ruwan a kwance yake, ka naɗe wando ka shiga da sanda ka ji ƙasan, ko ka tambayi yaran da ke turin mota a wurin, sun fi kowa sanin inda rami yake, abin da za ka ba su bai kai kuɗin fulogi ɗaya ba. In bai wuce tsakiyar wili ba, ka shiga a giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ba canza giya. Da ka fita ka ɗan tattaka birki har ya bushe. Da dare kuwa, ko da wa kake tare, kada ka shiga.

Na sayi Hilux ta hannu, ina zirga-zirga tsakanin Damagaram da ƙauyukan arewacin Gure. Tana yawan kafewa a rairayi ko na sa ta a ƙafa huɗu. Ko in ɗaga ta? — Daga Damagaram

Malam, barka da arziki, Allah ya tsare. Ɗagawa ba za ta yi maka maganin rairayi ba. A Hilux abin da ya fi sauka shi ne tulun aksil na baya, wato kumburin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, kuma shi a kan taya yake zaune, ko ka ɗaga jikin motar da taku guda yana nan inda yake. Taya mai tsayi ce kawai ke ɗaga shi, ita ma kaɗan.

Matsalarka iska ce. Masu faci sun saba ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, irin wannan kuwa haƙa rami take a yashi. Ka tambayi direbobin Agadas: kafin su shiga rairayi suna rage iskar zuwa kusan rabin ta kwalta, tayar ta baje ta hau saman yashin. Ka sa ƙafa huɗun tun kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Ka tafi da sassafe lokacin da yashin ke da sanyi ya fi riƙe mota, kada ka karya kwana da ƙarfi don tayar da ba iska sosai tana iya fita daga wili. In ka ji ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka daga totur, ci gaba da murzawa binne ta yake har aksil. Ka yi baya a kan sawunka, ko ka kwashe yashin gaban tayoyi ka shimfiɗa faranti ko rassa.

Da ka dawo kwalta abu biyu: ka mayar da iskar kafin ka yi gudu, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka ta fashe, ka kuma fitar da ita daga ƙafa huɗu, don irin na Hilux ba a yi shi don busasshiyar kwalta ba, yana ɗaure farfela ya ci giya. Saboda haka ka sayi famfon iska mai aiki da batirin mota da ma'aunin iska naka na kanka, ka ajiye su bayan kujera tare da shebur da igiyar ja da jarkar ruwan sha.